Girifin a Kan Jar Garkuwa: Tambarin da Na Tsara wa Barden Shekarar 1300

Watanni kaɗan da suka wuce wani abokina da ke rubuta labarin tarihi ya roƙe ni in zana masa tambarin garkuwar jarumin labarinsa, wani ƙaramin barde da ya ƙago, wanda ya zaunar da shi a arewacin Ingila a zamanin Sarki Edward na Ɗaya, wajejen shekarar 1300. Sharaɗi biyu ya gindaya mini. Na farko, lalle ne a sami dabbar almara a kan garkuwar. Na biyu kuwa, wanda shi ne ya ɗauke mini makonni, ya ce yana son abin da in masanin tarihin Turai ya gani zai yarda cewa barden wancan zamani zai iya rataya shi a kafaɗarsa. Ya haɗo mini da wani hoto da ya tsinta a intanet domin in ga irin abin da ke ransa: garkuwa mai lanƙwasasshen baki an raba ta gida huɗu, da macijin almara mai ƙafa huɗu yana fesa wuta, da takubba biyu a gicciye, da kambi a sama, da dogon take a ƙasa. Hoton yana da ban sha'awa, amma kusan duk abin da ke cikinsa ya zo ne bayan shekarar 1300, wani da shekara ɗari, wani da ɗari uku.

Abin da na fara yi shi ne komawa ga asalin al'adar, domin in san abin da ake nufi da ita kafin ta zama ado. A yaƙin Hastings na 1066 babu tambarin gado tukuna. Doguwar ƙyallen nan mai surfani ta Bayeux, wadda ta ba da labarin yaƙin, ta nuna barade ɗauke da garkuwoyi masu zane iri-iri, har da na dodanni masu fukafukai, amma zanen bai tsaya a kan mutum ɗaya ba, kuma a cikinta ne ake ganin William na Normandy, jagoran maharan, yana ɗaga kwalkwalinsa domin mutanensa su ga fuskarsa su tabbata bai mutu ba. Sai a ƙarni na 12 ne abin ya kafu. Misalin da aka fi ambata shi ne na Geoffrey na Anjou, wanda ya rasu a 1151, da hotonsa da ke Le Mans a Faransa yake riƙe da shuɗiyar garkuwa mai zakuna na zinariya. Jikansa William Longespée, wanda ya rasu a 1226, yana kwance a babban cocin Salisbury da irin wannan garkuwa, zakuna shida a kan shuɗi. Wannan wucewar daga kaka zuwa jika ita ce ta mayar da zanen garkuwa tambarin gida. Zakuna uku na Ingila da kowa ya sani a yau sun bayyana ne a hatimin Sarki Richard na Ɗaya na biyu, wajejen 1198.

Daga nan na fahimci cewa tambarin garkuwa suna ne da ake karantawa daga nesa, a filin daga ko a filin wasan sukuwa da masu, cikin ƙura, ta ɗan tsagin kwalkwali, kuma ana buga shi a kan hatimin kakin zuma wanda faɗinsa bai wuce na kwabo ba. Duk ƙa'idojin da suka biyo baya daga wannan buƙata suka fito, kuma da zarar mutum ya riƙe ta a ransa sai ya daina sha'awar cika garkuwa da kaya.

Ƙa'idar launi ita ce babba. Masu wannan sana'a sun kasa launuka kashi biyu: ƙarafa biyu, wato zinariya da azurfa, waɗanda ake shafa su da rawaya da fari, sai launuka biyar, ja da shuɗi da baƙi da kore da shunayya. Akwai kuma zane biyu da ke kwaikwayon fatun dabbobi masu gashi da manya ke sa wa rigunansu. Dokar ita ce kada a ɗora ƙarfe a kan ƙarfe, kada kuma a ɗora launi a kan launi. Jan zaki a kan baƙar garkuwa ɓacewa yake yi daga taku hamsin, farin zaki kuwa a kan baƙi ana hango shi daga ƙarshen fili. Sanannen abin da ya saɓa wa dokar shi ne tambarin masarautar da 'yan yaƙin Salibiyya suka kafa a Kudus, mai gicciyen zinariya a kan azurfa, kuma shahararsa ta zo ne daga wannan saɓawar. A tsofaffin kundayen tambura ja ne ya fi yawa, kore ba shi da yawa, shunayya kuwa sai an tona. Saboda haka tun farko na cire kore da shunayya daga lissafi, ko da yake abokina yana son kore ƙwarai.

A nan ne muka yi gardamarmu ta farko, domin ya karanta a wasu shafuka cewa kore yana nufin fata nagari, ja jarumtaka, shuɗi amana. Irin wannan fassara aikin marubutan baya ne, waɗanda suka zo suna neman ma'ana a cikin abin da ya riga ya daɗe. Barden 1300 yakan ɗauki launinsa ne saboda dalilai na ƙasa: ko launin ubangidansa ne, ko na gidan da ya yi aure, ko don ya bambanta da maƙwabcinsa. Gidaje da yawa na yankin Cheshire sun sa damin alkama a garkuwarsu saboda shi ne tambarin sarakunan Chester da suke ƙarƙashinsu. Wasu kuma wasa suke yi da sunansu: masarautar Kastil ta ɗauki ganuwa mai hasumiya, Leyon ta ɗauki zaki, gidan Lucy na Ingila ya ɗauki wani kifi da sunansa ya yi kama da nasu. Na fi yarda da irin waɗannan dalilai nesa ba kusa ba, domin suna nuna mutum a cikin jama'arsa.

Sai maganar dabba, wadda a kanta na fi daɗewa. Abokina yana son diragon, macijin nan mai fukafukai, kuma na gane dalilinsa, amma tarihin bai ba shi goyon baya sosai ba. A Ingila ta ƙarni na 13 diragon tutar sarki ce ta yaƙi. Henry na Uku ya ɗaga ta a yaƙin Lewes na 1264. A garkuwoyin barade kuwa da wuya a gan shi a kundayen wancan lokaci, kuma inda aka zana shi, yawanci mai ƙafa biyu ne da dogon wutsiya a murɗe. Mai ƙafa huɗun da muka saba gani, irin na tutar Wales, ya yi ƙarfi ne daga baya, musamman bayan Henry Tudor, wanda ya zama sarkin Ingila, ya ɗauki jan diragon zuwa yaƙin Bosworth a 1485, kuma rarrabe mai ƙafa biyu da mai ƙafa huɗu a ba kowanne sunansa daban aikin masanan baya ne. Dokin nan mai ƙaho ɗaya a goshi shi ma ya makara: a ƙarni na 15 ne ya zama dabbar sarakunan Sikotlan, kuma sai a 1603 ya shiga tambarin sarautar Ingila, lokacin da Sarki James na Sikotlan ya haɗa gadon sarautun biyu. Da a ce labarin a Ostiriya yake, da na duba damisar Styria, farar dabba mai fesa wuta a kan kore, wadda ta bayyana a hatimin Ottokar na Uku tun 1160. Da a Italiya ne, da na tuna shuɗin macijin gidan Visconti na Milan mai haɗiye mutum. Kowace ƙasa da dodanninta, kuma ɗauko na wata ƙasa a kai wata babban kuskure ne ko da shekarar ta yi daidai.

Abin da ya rage mini shi ne girifin, kuma ban yi nadama ba. Dabba ce da gabanta na mikiya ne, da kai da fukafukai da ƙafafun gaba masu farata, bayanta kuwa na zaki, sannan tana da dogayen kunnuwa a tsaye, waɗanda su ne ke raba kanta da na mikiya in an zana kan shi kaɗai. Ta tsufa ƙwarai fiye da al'adar garkuwa: tun Herodotus na Girka ya kawo labarin cewa girifin ne ke gadin zinariya a can arewa mai nisa. A bakin tekun Baltik sarakunan Pomeraniya sun riƙe ta har aka riƙa kiran gidansu gidan Girifin, gidan da ya ƙare a 1637, kuma biranen Greifswald da Rostock na Jamus suna ɗauke da ita har gobe.

Amma abin da ya fi kama ni shi ne cewa ga mutumin 1300 girifin ba almara ba ce. Littattafan dabbobi na wancan zamani sun jera ta tare da zaki da giwa, suna cewa tana gaba da doki, kuma tana yayyaga mutum in ta gan shi. Coci-coci sun adana abubuwan da suke kira faratan girifin a cikin taskokinsu, kuma wanda aka danganta da hubbaren waliyyin Kirista Cuthbert a Durham, a arewacin Ingilar da labarin abokina yake, yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan yanzu, inda aka tabbatar ƙahon wani akuyan dutse ne. Bature na wancan lokaci da bai taɓa ganin zaki da idonsa ba, ba shi da dalilin gaskata zaki ya ƙaryata girifin. Na gaya wa abokina cewa wannan ya kamata ya shiga labarinsa: jaruminsa ya taɓa tsayawa a gaban wannan farce a Durham yana yaro, ya ga tsawonsa, ya auna girman dabbar a ransa. Wannan dalili ne da mutumin zamanin zai fahimta, kuma ya fi duk wata fassarar launi ƙarfi.

Zanena na farko shi ne girifin na zinariya a kan shuɗi, kuma ya yi kyau har na kusa aika shi. Sai na koma ga kundayen tambura domin in bincika. Waɗannan kundaye su ne madogara ta gaskiya ga duk mai son yin irin wannan aiki: jerin garkuwoyi ne da masu shelar sarakuna da magatakarda suka tara, wasu da zane wasu da kalmomi kawai. Akwai kundin Dering na wajejen 1270 zuwa 1280, mai garkuwa 324, wanda ke ɗakin karatu na Birtaniya. Akwai na Zurich a Suwizalan na wajejen 1340. Akwai zane-zanen Matthew Paris, malamin coci na St Albans da ya rasu a 1259. Wanda ya fi kusa da bukatata shi ne na Caerlaverock, waƙa ce da tsohon Faransanci da ta lissafa manyan da suka bi Edward na Ɗaya zuwa kewaye ganuwar Caerlaverock a Sikotlan a 1300, tana faɗin tutar kowa. A cikinta na tarar da Simon na Montagu, kuma tutarsa da garkuwarsa shuɗi ne da girifin na zinariya a tsaye. Ashe tambarin da na zana yana da mai shi, a shekarar da labarin yake, a rundunar da jarumin zai iya kasancewa a ciki.

Tunanin da ya fara zo mini shi ne in kewaye garkuwar da farin baki in bar sauran yadda yake. Wata shari'a ce ta hana ni. A 1385, lokacin da Richard na Biyu ya kai yaƙi Sikotlan, Richard Scrope na Bolton da Robert Grosvenor na Cheshire suka tarar suna ɗauke da tambari iri ɗaya, shuɗi da ratsin zinariya a karkace. Maganar ta je kotun barade, aka shekara da shekaru ana sauraron ɗaruruwan shaidu, cikinsu har da baffan sarki John na Gaunt da mawaƙi Geoffrey Chaucer. Hukuncin farko ya ba Scrope gaskiya, ya kuma ce Grosvenor zai iya riƙe tambarin in ya kewaye shi da farin baki. Amma a 1390 sarki da kansa ya soke wannan sassauci, bisa hujjar cewa irin wannan ƙaramin bambanci na tsakanin 'yan uwan jini ne, bai isa ya raba bare da bare ba. Grosvenor ya koma ya ɗauki damin alkama na zinariya a kan shuɗi, alamar ƙasarsa ta Chester. Shari'ar ta zo shekara casa'in bayan zamanin labarinmu, amma tunanin da ke bayanta ya girme ta: wanda ya ga girifin na Montagu da ɗan ƙari zai ɗauka ƙanin gidan ne ko ɗan baffansu. Barden abokina kuwa ba shi da alaƙa da su.

Saboda haka na sauya komai sai dabbar. Na mayar da filin garkuwar ja, girifin ya zama na azurfa, baki da ƙafafun gabansa na zinariya, harshensa shuɗi domin ya fito a kan ja. Domin ƙara nisanta shi da sauran masu girifin, na watsa ƙananan tubala na zinariya a duk filin, salon da aka saba da shi a ƙarni na 13, wanda gidan Nassau ya yi wa zakinsa. In ban da ɗan harshen, ƙarfe biyu ne a kan launi ɗaya, don haka dokar ta tsaya. Ban nemi izinin kowa a cikin labarin ba, domin a 1300 barde da kansa yake zaɓar tambarinsa. Masanin shari'a Bartolus na Italiya, wanda ya rasu a 1357, ya rubuta cewa kowa na iya ɗaukar tambari muddin bai cutar da wani ba, kuma hukumar tambura ta Ingila ba ta sami takardar kafuwa ba sai a 1484, a hannun Richard na Uku.

Wajen zanen kansa akwai abubuwan da hannu ke son yi waɗanda dole a hana shi. Siffar garkuwar 1300 mai sauƙi ce, samanta a miƙe, gefunanta suna gangarowa su haɗu a tsini, kamar ƙasan dutsen guga; masu lanƙwashe-lanƙwashe da naɗe-naɗe na ƙarni na 16 ne zuwa gaba. Dabbar tana fuskantar hannun daman mai riƙe da garkuwa, wato hagun mai kallo, kuma wannan yana rikita kusan duk wanda ya fara. Tana tsaye a kan ƙafar baya ɗaya, sauran ukun a sama, fukafukai a ɗage. Ba a zana ta kamar mai rai, da inuwa da tsoka da ƙasa a ƙarƙashin ƙafa. Siririya ake yin ta, a shimfiɗe, a faɗaɗa farata da baki fiye da ƙima, a miƙa gaɓoɓinta har su kusa taɓa kowace kusurwa, domin kada a bar fili a banza. Sau huɗu ina sake fukafukan kafin su daina cinye kan dabbar. Na kuma guji layukan nan da ake ja don nuna launi a zanen baƙi da fari, a tsaye ga ja a kwance ga shuɗi, domin tsarin ƙarni na 17 ne.

Sauran kayan da ke cikin hoton da abokina ya turo na cire su duka, kuma hanya mafi sauƙi da na bi na bayyana masa ita ce tambarin Najeriya, wanda aka tsara shi bisa wannan al'ada ta Turai a cikakkiyar siffarta ta baya. Akwai baƙar garkuwa da farin layi mai rassa biyu na kogin Kwara da Binuwai, azurfa a kan baƙi, daidai da dokar launi. Akwai jar mikiya a sama. Akwai fararen dawaki biyu a gefe. Akwai furanni da take a ƙasa. Kowane ɗayan waɗannan ƙare-ƙare yana da lokacin da ya shigo. Adon saman kwalkwali ya yaɗu ne a ƙarni na 14, dabbobin gefe sun taso daga cike gurbin da ke cikin hatimi kuma suka zama na manyan masu sarauta, take kuwa ya zama ruwan dare bayan haka. Raba garkuwa gida huɗu ya fara a Kastil da Leyon wajejen 1230, kuma Edward na Uku ya haɗa na Faransa da na Ingila a 1340, amma alama ce ta haɗa gado biyu, ƙaramin barden da ke da gona ɗaya ba shi da abin haɗawa. Kambi kuwa, ɗora shi a kan garkuwar wanda ba basarake ba kamar naɗa wa mutum rawanin da ba a ba shi ba ne.

Gwajin ƙarshe biyu na yi. Na buga zanen a takarda na manna a bangon tsakar gida da yamma, na ja da baya har ƙofar zaure, na ga har yanzu ana gane farar dabba mai fukafukai a kan ja, ko da yake tubalan sun zama ɗige-ɗige, abin da ya sa na rage yawansu na ƙara musu girma. Sannan na ƙanƙantar da shi ya koma faɗin kwabo, na cire launin gaba ɗaya, domin haka zai kasance a hatimin kaki, na tabbata kunnuwa da wutsiyar zaki suna nan, ba a ɗauke shi mikiya ba.

Abin da na aika wa abokina a saman saƙon jimla ɗaya ce, zanen yana biye, domin a wannan al'ada kalmomin su ne tambarin, zane kuwa kowane mai zane yana da hannunsa, kuma muddin ya bi kalmomin bai yi kuskure ba. Ana fara faɗin fili, sannan abin da ke kansa: jan fili mai watsattsun tubalan zinariya, girifin na azurfa a tsaye, baki da ƙafafun gaba na zinariya, harshe shuɗi. Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce jarumin yana da ɗa babba da zai fita yaƙi tare da shi, yana tambaya ko tambari ɗaya za su ɗauka, tun da sunan gidansu ɗaya. Na ce masa a Ingila tambari na mutum ɗaya ne a lokaci ɗaya, kuma muddin uban yana raye, ɗan zai ɗauki na ubansa ne da wani siririn layi a gicciye a sama, mai leɓatu uku ko biyar suna reto, kamar yadda magajin Edward na Ɗaya ya ɗauki zakunan Ingila da shuɗin layi irin wannan a Caerlaverock. Yanzu shi nake zanawa, kuma na zaɓi shuɗi, domin a alamar magaji an saba sassauta dokar launi tun a wancan zamani.